AMANAR DA KE CIKIN KWAMFUTAR BABA

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gani. Kwana huɗu ba mu da wuta. Wanda ya zage ni ma na gani. Ku karanta.

*

Tun daga bakin ƙofar shagon Zayyad ya san an taɓa kwamfutar.

Salatif ɗin da ya toshe ramukanta da shi yana ƙasa, an dunƙule shi an yar. Kwana goma ke nan da liƙa shi. Ranar takwas ga Afrilu ce, ranar da kamfanin da ya yi XP, tsohon tsarin da ke kanta, ya daina turo masa gyara, duk ɓarakar da aka gano daga nan haka za ta zauna a buɗe. Ranar ya zare modem ya sa a aljihu, ya liƙe duk inda ake soka kile, ɗan filashin nan na ajiyar bayanai, ya ce daga yau bugun takarda kawai.

Yanzu ga allon a kunne. Ba koren tudun nan da ya saba gani tun yana aji ɗaya. Wani launi ne daban, wasu alamomi daban.

Baffa Illiyasu, ƙanin mahaifinsa, yana zaune a kujerar marigayi yayan nasa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana sakace.

"An sauko?"

Zayyad ya nufi injin kai tsaye. Tun hantsi yana Masallacin Koudoukou, sun yi wa mutum biyu sutura kafin Juma'a. Har yanzu hannunsa ƙamshin turaren gawa yake.

"Wa ya taɓa ta?"

"Haka ake shigo ma babba? Ba sallama?"

"Salamu alaikum. Wa ya taɓa ta?"

Baffa ya tofar da tsinken sakacen. Shekara shida da zuwansa daga Maraɗi, har yau harshensa na can ne, Sango kuwa, yaren garin nan, ko gaisuwa sai ya karya.

"Ni na sa aka taɓa ta. Mi za ka yi?"

"Wa ka sa?"

"Abokin naka. Firmin. Yaro mai hankali, ba irinka ba. Ya ce wannan tsohon tsari ya mutu, amma ƙarfen da ransa. Ya sa mata wani sabo, Linus ko mi."

"Linux."

"Shi. Ya ce kyauta ne, ya ce ba shi da nauyi, tsohuwa irin wannan za ta ɗauka. Ya ce cutar kile ba ta kama shi kamar wancan. Ka ga? Awa biyu. Abin da ka kasa cikin kwana goma. Kawo modem ɗin."

Ya miƙo hannu.

Zayyad ya wuce hannun kamar bai gani ba. Ya ja linzamin, ya buɗe nan, ya buɗe can. Babu. Ya sake buɗewa. Babu komai. Kwamfutar fes take kamar yau aka haife ta.

"Ka bar sallar Juma'a don ka yi wannan?"

"Kada ka kawo min wa'azi. In ba ka bar shagon ba yaushe za a yi? Ka zauna kanta kamar mai gadin kabari."

"Ina kayan ciki?"

"Kai, saurara min." Baffa ya sauke ƙafa. "Ka san sau nawa Mero ta zo nan? Sau uku. 'Ya'yanta sun bi motocin masu gudu zuwa Garoua-Boulaï wata biyu ke nan, ba ta san sun isa ko ba su isa ba. So take a duba mata a yanar gizo ko an sa sunayensu. Ka ce mata kwamfuta ba lahiya. Tsohuwa ta tahi tana kuka. Ɗantala ya zo da kile, hoton fasfo kawai za a hidda mai, ka kore shi. Unguwa duka shago ɗaya ya rage mai inji, kai ka liƙe shi da salatif kamar bakin jaka. Yaya Mahmudu haka ya yi wa mutane?"

"Kada ka sa sunan Baba."

"Yayana ne kahin ya zama ubanka!"

"Ina kayan ciki, Baffa?"

"Suna nan, mi ya same ka? Ka ɗauke ni jahili? Na ce mai kada ko harahi ɗaya ya ɓace. Ya kwashe komi cikin wani ɗan akwati baƙi, kamar sabulu, kahin ya goge. Duka. Na tsaya kansa."

Zayyad ya juyo a hankali.

"Ina akwatin?"

"Yana wurinsa."

"Wurin wa?"

"Firmin mana. An yi harbi wajen gadar Yakité, bai ji daɗi ba. Ya ce mayar da kayan zai ci awa guda, shi kuma in biyu ta wuce ba ya son bin bariya. Gobe da sahe zai dawo ya juye."

Bariya.

Shingen tayoyi da gangunan da samarin can suka kafa a bakin gada, inda unguwar Musulmi, Kilomita Biyar, ta ƙare. Masu layu da adduna. Duk wanda ya fito daga Kilomita Biyar sai sun zazzage jakarsa, ko da Kirista ne. Waya su buɗe, su karanta saƙonni. Kwamfutar hannu su sa a kunna. Suna neman wanda ke yi wa Musulmi aiki.

"Minti nawa da fitarsa?"

"Ban duba agogo ba."

"MINTI NAWA?"

Baffa ya miƙe. Ya fi Zayyad tsawo da faɗi, hannun mai ɗaga buhun albasa ne da shi.

"Ka sake ɗaga min murya, wallahi sai na karya ka a shagon nan. Ashirin. Ko ƙasa."

Zayyad ya zaro waya. Ya danna lambar Firmin. Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake kira. Ta katse.

"Kai mi ke damunka ne? Wasiƙun neman aiki ne da katin suna. Ko hotunan banza ka tara ciki kake tsoron a gani?"

"Ka san me ya sa ban kira Firmin ba?" Muryar Zayyad ta yi ƙasa. "Ka ɗauka ban san yana da faifan Linux ba? Ajinmu ɗaya da shi, tare muka koya. Na san hanya uku. Ko in raba ta da yanar gizo gaba ɗaya, shi na yi. Ko in cire cikinta in ɓoye, in riƙa tayar da ita daga faifai don mutane su yi aikinsu. Ko in goge in sa sabo. Faifan nake jira, na ba direban Douala saƙo. Jira kawai. Ba na son kowa daga waje ya zauna a gaban injin nan. Kowa."

"Don mi?"

"Don akwai mutum talatin da bakwai a ciki."

Janareton maƙwabci yana ta kuka a bayan bango.

"Wane irin mutum?"

Zayyad ya je ya tura ƙofar shagon, ya sa sakata.

"Watan Disamba, da mutanenmu suka fara gudu daga unguwar Miskine, ba kowa ya iya ɗaukar kayansa ba. Wani keken ɗinki, wani takardar gida, wani makullin shago. Suka bar wa maƙwabta. Kiristoci. Waɗanda aka tashi tare. To ka san Baba. Ya ce amana ba ta tafiya da baki kawai, sai an rubuta, sai da shaida. Duk wanda ya ba da ajiya sai ya kawo mai karɓa nan. Baba ya buga takarda, wane ya bar kaza wurin wane, gida kaza, layi kaza. Su sa hannu. Ya ɗauki hoton takardar, ya ɗauki hoton katin mai karɓa. Takardun na hannu ya ƙona su da abin ya yi zafi. Na cikin injin kawai suka rage."

"Da wane harshe?"

"Faransanci. Don su ma su karanta abin da suke sa wa hannu."

Baffa ya koma ya zauna. Ba a kujerar marigayin ba, a bencin masu jira.

"Suna da hoto," ya ce, kamar mai lissafa wa kansa. "Da gida."

"Da layi. Duk wanda 'yan bariya suka gani a ciki, sun san ya riƙe wa Musulmi kaya. Ka san abin da suke yi wa irinsu."

"To ni na sani? Ni na sani?" Ya sake tashi, jijiyar wuyansa ta fito. "Wata uku da rasuwar Yaya, muna ci kwano ɗaya da kai, ka buɗe baki ka gaya min? Kai ka jawo! Ka ɗauki abu irin wannan ka bar shi cikin tsohon inji, ba makulli ba komi!"

"In sa shi ina? A kile, in faɗi da shi a hanya? In buga a takarda, a zo a tarar? In goge, mutum talatin da bakwai su dawo ba su da shaidar ko tsinke? Aikin Baba na ƙarshe ke nan. Nan ne kawai ba ya motsi."

"Sai ka gaya min!"

"In gaya maka?" Zayyad ya yi wata dariya mara daɗi. "Ranar da Alhaji Ɗanliti ya ɓoye motarsa a gareji, wa ya faɗa a wurin mai shayi? Kafin la'asar unguwa duka ta sani. Bakinka ba ya riƙe ruwa, Baffa."

Marin ya zo da sauri. Kan Zayyad ya bugi katakon kanta. Ya ji gishirin jini a baki. Bai ɗaga hannu ba, bai ja da baya ba. Ya tofar a ƙasa, tsakanin ƙafafun Baffa.

"Ka gama?"

"Ɗan banza mara kunya. Don ka yi boko."

"Ka gama? Don akwai saura."

"Saura mi?"

Zayyad ya sake danna kira. Ƙara. Ƙara. Ta katse.

"Ba kaya kawai aka bari ba."

Baffa ya zuba masa ido.

"Sharifa ba ta N'Djamena." Ƙanwarsa yake nufi.

"Mi ka ce?"

"Ba ta hau jirgin ba. Ƙarya na yi maka. Ƙarya na yi wa kowa."

"Kai da bakinka ka ce min ka kai ta hilin jirgi. Ka ce ka gan ta ta shiga."

"Ranar da aka ƙona layinmu na Miskine tana makaranta. Hanya ta rufe, ba ta iya isowa nan ba. Mama Odette ta ja ta cikin gida, mai tuyar ƙosan rogo, wadda ta yi mata goyo tana jaririya. Ta cire mata hijabi, ta yi mata kitso irin nasu, ta ce 'yar ƙanwarta ce daga ƙauye. Solange ake kiranta yanzu. Sangonta ya fi Hausarta, ba wanda ya gane. Wata huɗu."

"A Miskine."

"A Miskine."

"'Yar Yaya Mahmudu." Baffa ya ja da baya. "Shekara goma sha huɗu. Tana kwana gidan da ba a salla. Ba hijabi. An canza mata suna. Kai kuma kana nan kana cin tuwo."

"Tana da rai."

"Ana kai ta coci?"

"Tana da rai, na ce! Zulai ta gidan Malam Hudaifa da aka yi ƙoƙarin fito da ita, ina take? Ka je ka tambayi uwarta wanne ta fi so, coci ko abin da aka kawo mata a tabarma."

Baffa ya kama kansa da hannu biyu.

"Kuma Yaya ya rubuta wannan? 'Yarsa? Ya sa ta cikin lissahin keken ɗinki?"

"Ya ce in ya mutu, in na mutu, wa zai shaida cewa tamu ce? Wa zai karɓo ta? Mama Odette ta lallaɓo nan da sassafe da tiren ƙosai a ka, ta sa hannu. Sunan gaskiya, sunan ƙarya, hoton su biyu. Komai yana ciki."

"Innalillahi."

"Yanzu ka san me ka ba Firmin ya sa a jaka."

"Kada ka ɗora min! Kada ka kuskura!" Baffa ya nuna shi da yatsa. "Da ka ɗauke ni uba da ba a kai nan ba. Kai da ubanka kun mayar da ni baƙo. Ɗan Maraɗi, bai san gari ba, bai jin Sango, a bar shi da albasa. To ga shi nan. Ga abin da wayonku ya haifa."

Zayyad ya sake gwada lambar. "Ka yi shiru, tana shiga."

Wayar ta daina ƙara. An ɗauka.

Zayyad ya juya harshe zuwa Sango, ya sassauta murya kamar ba komai.

"Firmin, ɗan'uwa, kana ina?"

Sai hayaniya, dariyar maza, wani yana buga ƙarfe a kan ganga.

"Bara mo," wata murya ta gaishe shi. Ba ta Firmin ba ce. Mai kauri ce, mai jan magana. "Firmin yana hutawa. Wa ke nemansa?"

Zayyad ya rufe ido.

"Mai aiki ne. Ya ɗauki kayana zai gyara."

"Mai aiki daga ina?"

"Daga Fatima."

"Daga Fatima." Mutumin ya maimaita wa na kusa da shi sunan unguwar Kiristocin, aka yi dariya. "To a wayarsa an rubuta Zayyad Ka-Em-Sank. Ko a Fatima ma akwai Kilomita Biyar yanzu?"

Baffa yana jan hannun rigarsa. "Mi ya ce? Mi yake cewa?"

Zayyad ya fizge.

"Ku sake shi. Bai san komai ba. Gyara kawai ya zo yi."

"Haka shi ma yake ta faɗa. Yana kuka yana faɗa. Ni kuma sai na ce, mutum ya shiga wurin Musulmi da jaka, ya fito da ɗan akwati a cikin safa, a cikin safa fa, ya ce bai san komai ba?"

"Tsoron ɓarayi ne. Wasiƙun neman aiki ne a ciki."

"To ai shi ke nan. Mu ma aiki muke nema." Dariya kuma. "Matsala ɗaya, batirin kwamfutarsa ya mutu. Na aika a nemo mana wuta. In kana son kayanka, zo ka karɓa. Taho da katinka."

Ƙit.

Zayyad ya tsaya da wayar a kunne ko da ta mutu.

"Yi magana, don Allah! Mi suka ce?"

"Sun kama shi. Ba su buɗe ba tukuna. Ba su da wuta."

Ya nemo lambar Mama Odette. A kashe. Kullum a kashe take sai ranar Lahadi, don kada yaran layi su ji tana Sango da wanda ake jin kiran salla a bayansa. Shi da kansa ya ce mata ta riƙa kashewa.

Ya cire hula ya ajiye kan kanta. Ya kama wuyan jallabiyarsa ya zare ta ta ka. Ƙaramar riga ce a ciki da wandon jins.

"Ina za ka?"

"Miskine. Ta bayan magudanar ruwa. In na yi gudu, minti ashirin da biyar."

"Da wannan tabon sallar a goshinka? Ko yaro ya gan ka ya san ko kai wane ne."

"Matsa."

Baffa ya riga shi ƙofar. Ya jingina bayansa da sakatar, ya buɗe hannuwa.

"Ba inda za ka. Na wanke Yaya da hannuna. Ba zan wanke ka ba."

"Sharifa za ka wanke?"

"A gaya wa sojojin waje. Suna da mota."

"Su zo gobe. Matsa, Baffa."

"Sai ka kashe ni."

"Kai ka fitar da ita daga injin nan. Kai. Ka matsa ko in manta kai ƙanin Baba ne."

Zayyad ya ɗauki ƙarfen da suke tokare taga da shi. Baffa ya kalli ƙarfen, ya kalli fuskar ɗan yayansa. Bai matsa ba.

"Buga," ya ce. "Buga mana, ɗan boko."

Wayar ta yi ƙara.

Lambar Firmin.

Zayyad ya ɗauka da hannun hagu, ƙarfen yana dama. Kafin kowa ya yi magana ya ji shi. Tut-tut-tut-tut. Ƙaramin janareto, kusa da wayar sosai.

"Zayyad Ka-Em-Sank," muryar ta ce. Yanzu ba dariya a bayanta. An yi tsit, irin tsit ɗin mutanen da suka taru kan abu ɗaya suna kallo. "Ubanka ya iya aiki. Ga hoto, ga layi, ga lambar gida. Ko ofishin gwamnati albarka."

Zayyad ya ƙara damƙe ƙarfen.

"Talatin da bakwai. Ba za mu iya zagaye su duka yau ba, babura uku ne da mu. Amma yadda ka kira sau huɗu, akwai naka a ciki. Gaya min wanne ne, mu yi ciniki a kansa."

In ya faɗi suna, ya nuna musu ƙofa. In ya yi shiru...

"Ba ka ji? To shi ke nan. Mu fara daga sama."

Ƙarfen ya zame daga hannun Zayyad ya faɗi kan siminti.

Baba bai jera su da harafi ba. Yadda suka zo ya jera su.

Mama Odette ce ta fara zuwa.